Kurakuran da aka fi yi wajen jan bututun iskar asibiti

Asibitin da ya samu kuɗin gyara, abin da yake fara nema shi ne a ja masa oksijin zuwa kan kowane gado. Babu laifi. Laifin yana wajen wanda ake damƙa wa aikin: mai haɗa famfo ko mai saka na'urar sanyaya ɗaki, wai ai duk jan ƙarfe ne. Shi ya sa kurakuran ba sa canzawa.

A fara da bututun kansa. Na sanyaya ɗaki da ake saya a kasuwa yana iya zuwa da ragowar mai a ciki, kuma mai idan ya gamu da oksijin mai matsi, wuta ce. Bututun asibiti wankakke ne, bakinsa biyu a toshe, an buga EN 13348 ko ASTM B819 a jikinsa. Wanda ba shi da wannan lamba ya koma inda aka sayo shi. Kada a cire murfin sai lokacin haɗawa, kada kuma a yanka da zarto, don garin ƙarfen a ciki yake zama.

Sai liƙi, inda ƴan kwangila suka fi cin amana, domin sun san da an rufe silin ba mai gani. Dole a riƙa hura naitirojin a hankali ta cikin bututun tun kafin a kunna wuta har mahaɗar ta huce. In ba a yi ba, cikin bututun yana yin baƙin ɓawo. Ranar miƙa aiki komai lafiya. Bayan wata da watanni ɓawon ya fara ɓarewa, ya bi iska ya toshe ma'aunin jikin bango, ya cika matatar injin numfashi, a yi ta zagin kamfanin da ya ƙera injin. Tukunyar naitirojin nawa take, da za a yi mata rowa a aikin miliyoyi? Jan ƙarfe da jan ƙarfe ana liƙa su da sanda mai azurfa da fosforas, ba hodar liƙi, ba dalma. Ni dai ba na yarda da baki. Ina nuna mahaɗar da na ga dama, a yanko ta a tsaga a gabana. In cikinta ja ne fes, a ci gaba. In baƙi ne, na kusa da ita ma sai an yanko.

Wanda ya fi wannan muni shi ne musayar layi, wato a haɗa bututun wata iska da bakin wata, kuma shi ne ke kisa nan take. A 2016, a wani asibiti a birnin Sidni na Ostireliya, bakin bangon da aka rubuta wa oksijin ashe naitiros oksayid yake fitarwa, iskar da ake sa barci da ita. Jariri ɗaya ya rasu, wata jaririyar kuma ƙwaƙwalwarta ta samu mummunar illa. Wannan a ƙasar da ke da dokoki kenan. Amma har gobe za ka ga injiniya ya danna baki, ya ji fuuu, ya ce aiki ya yi. Iska ta fito, to wace iska? Kunne ba ya tantancewa, kuma oksijin da iskar numfashi, wato tatacciyar iskar gari da kwamfuresa ke turawa, duk a kan matsi ɗaya suke tafiya, ba 4 (bar, awon ƙarfin matsi), don haka ma'aunin matsi ma ba zai faɗa maka ba.

Gwajin biyu ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na farko, a cika layi ɗaya kaɗai, sauran a sauke su zuwa sifili, a bi baki-baki a tabbatar na wannan iskar ne kawai ke da matsi. Sannan a koma layi na gaba. Na biyu, bayan an saki iskar gaskiya, a sa na'urar auna oksijin a kowane baki. Na tukunya ko tanki zai nuna kusan 99 cikin 100, na injin tace oksijin tsakanin 90 da 96, iskar numfashi 21, naitiros kusan sifili. Kowane baki na ce, ba biyu a kowane ɗaki ba. Kuma wanda ya yi aikin kada ya zama shi ne mai sa hannu a takardar gwajin. Ko bututu ɗaya aka yanke don ƙara gado, gwajin wannan sashen ya dawo sabo.

Kada a jingina da fenti. A tsarin da Ingila ke bi, fari oksijin ne, rawaya kuma layin zuƙa, wanda ake zuƙe majina da jini da shi. A Amurka oksijin kore ne, rawaya iskar numfashi. Asibitin da ya karɓi kyautar kaya daga ɓangarorin biyu ya riga ya ɗana wa kansa tarko. A rubuta sunan iskar da kibiyar inda take tafiya a jikin bututu, gaba da bayan kowane bango.

Lissafin buƙata ma ana yinsa da ka. Tukunya mai lita 50 a kan matsin ba 150 tana ɗauke da kimanin lita 7,500. Marasa lafiya 10, kowa na jan lita 10 a minti, za su shanye ta cikin minti 75. Jeren tukwane 10 ba zai kai awa 13 ba. Injin hura oksijin ta hanci mai ƙarfi shi kaɗai yana iya jan lita 60 a minti, abin da ya fallasa siraran bututu a lokacin korona: gadon kusa da tushe yana samu, na ƙarshen layi yana haki. Tushen iska uku ake so, na aiki, na jiran ko-ta-kwana, da na gaggawa. Injin tace oksijin ba tushe ba ne da zarar an ɗauke wuta, sai da jeren tukwane mai karɓa da kansa a bayansa.

Sauran a gurguje. Bakin da kwamfuresa ke jan iska kada ya kalli salansar janareto, hayaƙin zai ƙare a huhun marar lafiya, kuma lokacin hunturu a ninka duba matata saboda ƙura. Bawul ɗin rufe sashe a waje da ɗakin ake sa shi, inda nas za ta kai hannu, ba cikin silin ko bayan kabad ba. Ƙararrawa a teburin masu jinya, a kan layin wutar gaggawa, kuma mai cire mata waya don ta dame shi da kuka bai cancanci aikin ba. Bututu mai milimita 15 yana son mariƙi duk mita 1.5. Ba giris, ba basilin, ba hannu mai maiko a kan bawul. Tukunya a ɗaure ta da sarƙa, a buɗe ta sannu a hankali, domin buɗewar farat ɗaya tana haifar da zafin da zai iya kunna abin rage matsi.

Rufe bawul don gyara kuwa, sai da rubutaccen izini mai sa hannun shugabar masu jinya ta sashen, bayan an ƙirga waɗanda ke kan oksijin an ajiye wa kowannensu tukunya cikakkiya a gefen gado.