Yadda ake lissafa nisa da lokacin tafiya tsakanin ƙananan filayen jirgi biyu

Yawancin masu wannan lissafin wuri ɗaya suke faɗuwa, sai mutum ya ɗauki nisan ya raba da gudun babban jirgi, kilomita 850 a awa, ya ce ai rabin awa ce. Ni ma haka na taɓa yi, na sa wanda zai ɗauke ni ya zo da wuri, bawan Allah ya yi kusan awa guda a mota yana jirana.

Fara da neman lambar kowane fili, kar ka yi aiki da sunan gari don wani garin filinsa biyu ne. Akwai ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, mai harufa 3, ita ce a jikin tikiti, akwai ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, mai harufa 4, kuma wani ƙaramin filin ta ICAO kaɗai gare shi. Zuba su a shafin intanet na Great Circle Mapper, kyauta ne, zai ba ka nisan a miƙe. Nisan titin mota kuwa manta da shi. Sannan ka duba da wane ma'auni aka ba ka, mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa ke aiki da shi 1.852. Ni dai komai kilomita nake mayarwa, kai ma yi hakan.

To ga inda na sha kaye. Ƙananan filaye ba kasafai babban jirgi ke sauka ba, yawanci masu farfela ne ke sauka, saboda haka sai ka san wane jirgi ne tukuna. ATR 72 yana yin kusan kilomita 500 a awa, Dash 8 Q400 ya haura 650, Cessna Caravan kuwa wajen 340. A ce nisan kilomita 400 ne da ATR, 400 raba 500 sau 60, minti 48 ke nan, amma fa wannan gudun sai ya gama hawa ya daidaita a sama yake yin sa, kuma a gajeriyar tafiya kafin ka gama gyara zama har ya fara gangarowa, ga shi ba lallai ya bi miƙaƙƙen layin nan ba, wani lokacin sai ya zagayo ya fuskanci iska kafin ya sauka. Don haka ni minti 20 nake ƙarawa na hawa da sauka, da wani 10 zuwa 15 na jan jiki a ƙasa. Ka ga 48 ta koma awa ɗaya da minti 20. Lokacin da ke tikiti ma daga motsawar jirgi ne zuwa tsayawarsa, ba zamansa a sama kaɗai ba.

Iska ma tana da nata rabon. In mai gudun kilomita 60 a awa ce ta gaba, 48 ɗin nan ta zama 55, in ta baya ce 43, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya.

Sauran da sauƙi. Duba ko agogon garuruwan ɗaya ne, duba ko ma akwai jirgi kai tsaye, don sau da yawa sai an bi ta babban fili an sauya, zaman jira ya cinye yinin. In kana da lambar jirgin, sa ta a shafin bibiyar jirage na Flightradar24 ka ga minti nawa ya yi a kwanakin baya.