Ƙofofin cibiyar ƙwayar halitta: inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe

Ɗalibin ilimin halittu in zai zana cibiyar ƙwayar halitta, wato nukiliyas, yakan bar 'yan giɓi a jikin da'irar, ya rubuta "rami". Daga wannan kuskuren sauran suka tsiro. Abin da ke wurin gini ne na furotin iri kusan 30 da ake kira nukiliyoforin, Nup a taƙaice, sun jeru kashi takwas sun yi zobe mai faɗin kusan nanomita 120 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Tsakiyar zoben cike take da zaruruwan furotin marasa tsayayyar siffa. Ƙananan abubuwa kan sulale su wuce, amma babban furotin sai da ɗan rakiya irin furotin ɗin da ake kira imfotin, kamar ƙofar gari a da, inda fatake ba sa shiga da kaya sai Sarkin Ƙofa ya yarda. Don haka a zana zobe, a cika tsakiyarsa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar cewa ƙofar iri ɗaya ce a kowace ƙwaya, kuma shige da fice ne kaɗai aikinta. A 2012, Maximiliano D'Angelo da Martin Hetzer na Cibiyar Salk a Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin da za su zama tsoka ba su da wani Nup mai suna Nup210 muddin suna ta rabuwa. Sai sun fara rikiɗa zuwa tsoka yake bayyana a ƙofar. Da aka hana shi fitowa, tsoka ta kasa haɗuwa, alhali jigilar kaya ta ƙofar ba ta tsaya ba. Matsalar tana wajen ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da umarni, da ya kamata su farka. Tun 1985 masanin kimiyya Günter Blobel ya kawo hasashen cewa ƙwayoyin gado masu aiki suna maƙalewa a bakin ƙofa. Nup153 kuwa akasin aikin Nup210 yake yi a ƙwayoyin asali na tayin ɓera, wato waɗanda ba su riga sun rikiɗa zuwa wani iri ba: yana taimakawa wajen danne ƙwayoyin gadon rikiɗa, in aka rage shi sai ƙwayar ta fara rikiɗa tun lokaci bai yi ba. Duk amsar jarrabawa da ta tsaya a kan jigila rabin amsa ce.

Kada kuma a ce kowane Nup zaman dirshan yake a ƙofa. Nup98 yakan shiga cikin cibiyar ya kama DNA, kuma in ƙwayar gadonsa ta haɗe da wata ƙwayar gado mai suna HOXA9, ƙwayoyin jini sukan kasa balaga, a samu sankarar jini.

Akwai masu zaton kullum ana sabunta ƙofar. A ƙwayar da ke rabuwa, ana wargaza ta a sake ginawa. A ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka daina rabuwa, an ga furotin na ƙashin ginin sun haura shekara a jikin ɓera ba a sauya su ba, kuma da tsufa wasu ƙofofin kan fara yoyo.