Kafin ka fara kiwon da ke farfaɗo da ƙasa, nemi wanda ya riga ka

Jama'a, shawarata ga mai son komawa kiwon karɓa-karɓa, wato raba makiyaya yanki-yanki ana juya dabbobi daga wannan zuwa wancan don sauran su huta, ita ce kada ya fara sayen wayar shinge ko kafa shi sai ya samu makiyayin da ya shekara uku ko huɗu yana yi, ya roƙe shi su zaga makiyayarsa tare, musamman a lokacin da ciyawa ta ja baya. Tushen aikin sananne ne tun shekarun 1950, lokacin da André Voisin na Faransa ya nuna cewa bai kamata dabbobi su daɗe a yanki ɗaya ba, domin idan suka sake cizge tohon da ya fito, saiwa ce take raunana. Amma tsawon hutun da kowane yanki yake bukata yana sauyawa da ruwan sama da irin ƙasa, kuma wannan sai ido ya saba kafin a gane shi, shi ya sa nake ganin jagora ya fi kowane littafi amfani a shekarar farko.

Ka gwada a ƙaramin fili tukuna. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kuna ziyartar juna duk wata, kowa yana ɗaukar hoton wuri ɗaya tare da rubuta ranar shigar dabbobi da ta fitarsu, sannan ku tattauna kurakuranku ba tare da ɓoye-ɓoye ba.