Kada ku sayi ruwa a tsohon birnin Dubrovnik

In za ku Dubrovnik ta Kuroshiya, ku riƙe gorarku kawai.

Da kun shige Ƙofar Pile, a dama za ku ga famfon dutse na Onofrio, ginin 1438. Baki 16 gare shi, ruwan sha ne mai sanyi, kuma kyauta.

Ku cika gorar kafin ku hau ganuwa, matakalar tana nan kusa. Zagayen kusan kilomita 2 ne, inuwa kaɗan ce, ruwan sayarwa a sama kuwa da tsada.

Sai dai da tsakar rana, in jiragen ruwa sun sauke baƙi, wurin famfon cika yake maƙil. To ku miƙe titin Stradun har ƙarshe, akwai ƙaramin famfon kusa da hasumiyar agogo.