Maganin wanke inji a tsohuwar babbar mota: buɗe ka leƙa kafin ka zuba

Duk wanda ke shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna sayen kayan sabis ya san gwangwanayen nan da ake jerawa kusa da baƙin mai, waɗanda ake cewa fulashin, wato maganin wanke inji. Mai shago zai ce maka Alhaji zuba wannan kawai, injin zai koma kamar sabo. To ni dai na daɗe cikin harkar manyan motoci kuma maganar nan tana damuna, domin maganin yana aiki da gaske, kuma aikin nasa ne kan kashe tsohon inji idan aka zuba shi inda bai kamata ba.

Abin da ke cikin gwangwanin sinadarai ne masu narkar da datti. Ana zuba shi cikin tsohon baƙin mai kafin juye, wato canza mai, ya zagaya cikin injin ya narkar da dattin da ya daskare, sai a kwance a zubar gaba ɗaya. Dattin nan kuwa daga ina yake zuwa? Daga jinkirin juye, daga man durom da ake awo wanda ba a san asalinsa ba, daga baƙin hayaƙin gas da ke sauka ta gefen fistin, ga ƙurar hunturu idan filtar iska ta mutu, ga barin mota tana ta aiki a tsaye awa da awanni a layin lodi. Shekara da shekaru sai abin ya taru ya zama kamar kwalta.

Wani abu da ke ruɗa mutane, musamman sabbin shiga: man injin gas yin baƙi yake da wuri, ko jiya ka yi juye yau ka zaro sanda za ka ga ya fara duhu. Wannan ba ciwo ba ne, man ne yake riƙe da baƙin hayaƙin, aikinsa kenan. Mai kyau irin 15W-40 mai lamba CH-4 ko CI-4 dama da nasa sinadarin wanki a ciki. Saboda haka baƙin da mai ya yi kaɗai bai isa dalilin sayen fulashin ba, kuma motar da ake mata juye a kan lokaci da man kirki ba ta buƙatarsa sam, ka riƙe kuɗinka.

To ya za ka gane halin da injinka yake ciki? Ka sa makanike ya kwance murfin saman inji, aikin 'yan mintuna ne. Ka haska fitila ka leƙa da idonka, kar ka tsaya a ba ka labari. Idan ƙarafan sun yi launin ƙasa-ƙasa ne kawai, ko akwai ɗan datti mai laushi da yatsa ke gogewa, wannan injin zai iya ɗaukar magani. Amma idan ka ga abu ya yi tudu, baƙi ƙirin, sai an sa sukundireba an kankare yana ɓallowa gutsi-gutsi kamar busasshiyar daddawa, don Allah ka ajiye gwangwanin nan.

Ga dalili. A can ƙasan inji cikin botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa, akwai wata raga da famfon mai ke zuƙo mai ta cikinta. Maganin ba ya iya narkar da dattin shekara 20 cikin minti 15, ɓamɓaro shi yake yi, gutsattsarin su gangaro su liƙe a ragar nan. Mai ya daina hawa yadda ya kamata, mital, wato ƙarafan da babbar sandar inji kuranshaf ke juyawa a kansu, su bushe, turbo ma da ke juyawa da matsanancin gudu ya rasa mai, kuma abin takaicin ba lallai ya nuna a gareji ba, sai ka yi lodi ka hau titi injin ya ɗau zafi. Na ga wannan da idona a kan wata tsohuwar DAF da muka saya hannu, mai ita na farko bai damu da sabis ba, yaran gareji suka zuba maganin ba wanda ya leƙa ciki. Ta tashi lafiya lau, ƙararta har daɗi. An yi lodin masara, ba a kai Zariya ba fitilar mai ta kawo, direba ya ce bari ya ƙarasa gari, kafin nan inji ya buga. Da aka sauke botom filet ragar ta toshe ruf, sai da muka sa burushin ƙarfe kafin ramukanta suka fito. Kuɗin gyaran kuranshaf da mital ya ninka na gwangwanin ban san sau nawa ba, ga kayan mutane a hanya kwana uku.

Haɗari na biyu yoyo ne. Tsofaffin sil da gasket sun bushe sun tsage tun tuni, dattin ne ya toshe tsagar yake rufa musu asiri. Ka wanke, sai ka wayi gari ƙasan mota ya jiƙe. Maganin bai fasa komai ba, amma kai za ka biya kuɗin canza su, kuma sil ɗin bayan kuranshaf sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi.

Amfaninsa fa? Akwai. Idan gasket ɗin kai ya ƙone ruwa ya haɗu da mai har ya koma kamar shayi mai madara, bayan an gama gyara wanki yana taimakawa wajen fitar da ragowar. Haka ringin da datti ya riƙe a jikin fistin, wani lokaci yakan saki, shan mai da hayaƙi su ragu. Amma ringin da ya cinye ya cinye, babu gwangwanin da zai mayar da ƙarfen da ya zaizaye, wannan sai an buɗe inji.

Idan ka leƙa ka ga injinka na cikin waɗanda za su ɗauka, ga yadda nake yi. Da farko a karanta jikin gwangwanin a ga lita nawa na mai yake ɗauka, domin yawancinsu an auna su ne da ƙananan motoci masu cin lita 4 zuwa 6, alhali babbar tirela tana cin sama da lita 30, kaga gwangwani ɗaya ba zai yi komai ba, a cika shi fiye da ƙima kuma mai ya tsinke. A tayar da mota ta yi ɗumi, a kashe, a zuba, a sake tayarwa a barta a silo, wato tana aiki a tsaye a hankali, iya mintunan da aka rubuta, galibi 10 zuwa 15 ne. Ba taka totur, ba zagaye da ita, balle a ce bari a je a dawo. Man da ke ciki a lokacin ya yi ruwa-ruwa, ba zai iya kare mital a ƙarƙashin nauyi ba. Mutum ɗaya ya zauna a gidan gaba idonsa a kan agogon mai, allura ta yi ƙasa ko fitila ta kawo a kashe nan take.

Sai a kwance da zafinsa a barshi ya tsiyaye sosai, kar a yi gaggawa. A canza filtar mai, wannan dole ne, tsohuwar ta cika da abin da aka wanko. Ni nakan ƙara da sauke botom filet a duba ragar ko da komai ya tafi daidai, gasket ɗaya ne za ka saya kuma hankalinka ya kwanta. Sannan juyen da zai biyo baya a yi shi da wuri, kamar rabin tafiyar da aka saba, saboda akwai ragowar maganin da ke maƙalewa a kular mai da lungunan inji wanda ba ya fita a juyen farko. Tsohon man kuma a tara a jarka, akwai masu saye, kar a malala shi a kwata.

Wanda kuma injinsa ya daskare da yawa, hanyarsa ta hannu ce. A sauke botom filet da murfin sama, a wanke su a waje da gas da burushi, a wanke ragar, a mayar, a zuba mai mai kyau da sabuwar filta, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa. Man da kansa zai riƙa cin dattin a hankali yadda filta za ta iya kamawa. Ya fi cin lokaci da kuɗin mai, na sani, amma ni shi nake zaɓa wa tsofaffi irin su Marsandi 911 da tifofin da suka sha yashi.

Masu ɗura kananzir ko gas zalla a inji su tayar kuwa, wallahi ku daina. Na san tsofaffin makanikai da yawa sun taso a haka kuma za su ce maka sun yi ba sau ɗaya ba lafiya, amma kananzir ba shi da santsin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, ko minti biyu injin ya yi a haka mital na ci.

Kar kuma a haɗa wannan da ɗaya maganin da ake zubawa a tankin gas don wanke nozul masu fesa gas cikin inji, shi hanyarsa daban, bai taɓa baƙin mai. Haɗarinsa bai kai na fulashin ba, sai dai a tsohon tanki yakan taso da dattin ƙasa ya toshe filtar gas mota ta fara shaƙewa a hawa. Idan za ka zuba shi ka fara tsiyaye ruwan da ke cikin filtar raba ruwa, ka sa filtar gas guda biyu a akwatin kayan aiki, kuma ka tabbata yaron mota ya iya canzawa da fitar da iska kafin ku bar gari.