Yadda ake aiki da ƙaramin injin watsa takin doki, da yadda zaka kula dashi ya daɗe

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a turke ya san toroso baya jira, ka share da safe kafin la'asar wani ya taru. Doki mai nauyin kilo 450 yana fitar da kusan kilo 23 na kashi da fitsari a rana, a shekara ya haura tan 8 kenan, kuma ba'a saka shimfiɗar da ake kwashewa tare dashi ba. A gonar da nake aiki a jihar Pennsylvania ta Amurka dawaki huɗu garemu, da baro da shebur kaɗai da bayanmu ya gaya mana. A gida mun saba da mangala a bayan jaki ko amalanke, a kai gona a jibge tsibi tsibi sannan a bi a baza, toh wannan ɗan injin shi yake haɗa ɗauka da bazawa a tafiya ɗaya.

Kamar ƙaramar tirela yake, akwati ne akan taya biyu, ƙaramin cikinsu yana cin kamar baro huɗu zuwa biyar, ana janshi da babur mai ƙafa huɗu ko ƙaramar tarakta. Bashi da inji nashi na kanshi, tayoyin ne idan suna juyawa suke juya komai, shi yasa 'yan Amish, wata al'ummar Kiristoci manoma masu gudun kayan zamani, na yankin Lancaster a nan Pennsylvania har yau da dawaki suke jan manyan irinshi. A ƙasan akwatin akwai sarƙa biyu da sandunan ƙarfe a gicciye, su suke tura takin baya a hankali, a can baya kuma akwai farfela mai haƙora da take daddatsa shi tana watsawa. Wani malamin makaranta ne a Ohio, Joseph Oppenheim, ya ƙirƙiro farfelar da take watsa taki da faɗi a 1899, kuma har yanzu tsarin bai canza sosai ba. Liba biyu ne yawanci, ɗaya ta sarƙa ɗaya ta farfela. Shikenan injin.

Wajen lodi ne mutane suke kashe shi, dan Allah ɗan uwa ka nutsu a nan. Ka fara zubawa daga gaba kana tahowa baya, kada ka danna taki ya cushe a jikin farfela, bar mata ɗan fili ta samu ta fara juyawa kafin kaya ya iso ta, kuma kada tsibin ya wuce tsayinta domin abinda ya haura sama zubowa zaiyi dunƙule dunƙule ba tare da an daddatsa ba. Sannan ka riƙa duba abinda shebur ɗinka yake ɗauka. Babban abokin gaba shine igiyar ledar nan da ake ɗaure damin ciyawa da ita, guntu ɗaya idan ya shiga zai nannaɗe a sandar farfela, ya matse, zafi ya narkar dashi ya shige cikin boris, wato zoben ƙarfen da sandar take juyawa a cikinshi. Na taɓa zama da wuƙa da filaya kusan awa biyu ina tsintar igiya shuɗiya daga bakin boris, ta zama kamar roba ta manne, ƙarshe dai boris ɗin sai da aka canza. Tun ranar muka rataye buhu a ƙofar barga, duk igiyar da aka yanke nan take shiga. Dutse, guntun katako, tsohon takalmin ƙarfe na doki, duk haka, ko su karya haƙori ko farfela ta cillo su da ƙarfi, saboda haka kada yaro ko dabba su tsaya a baya ko a gefe idan ana aiki.

Kafin ka tashi ka tabbata fin ɗin da ya haɗa shi da abin ja yana da makullinshi, iskar tayoyi kuma daidai take a duka biyun tunda sune injin. Ka tafi har bakin fili da libobin a sake. Idan ka isa ka tsaya cak, ka saka ta farfela, ka saka ta sarƙa, sannan ka tashi a hankali, kada ka taɓa tura liba ana cikin tafiya, haƙoran giya ne zasu ci juna. Gudun da ya dace bai wuce kilomita 5 zuwa 8 a awa ba, kamar mutum mai sauri a ƙafa. In ka cika gudu farfela zata riƙa jifa har kanka, in ka cika sanyi kuma zubarwa kawai zatayi a layi. Kwana ka ɗauke ta da faɗi, ƙas ƙas ɗin da zakaji a kwana ba matsala bane, taya ɗaya ce tafi ɗaya gudu. Zakayi ribas, saki libobin tukuna. Idan kaya ya kusa ƙarewa zakaga ragowar ta fara tashi sama tana dawowa gaba, nan sai ka tsaya ka kashe farfela ka bar sarƙa ita kaɗai ta share ƙasan.

In wani abu ya maƙale tayoyi suka fara jan ƙasa, tsaya, kashe abin ja, saki liba, sannan ka saka hannu da safar hannu. Ƙwayar cutar tetanos tana zama a kashin doki, duk mai wannan aikin ya kamata allurarshi ta zama bata wuce lokaci ba.

A ina za'a watsa kuma? Ni dai ra'ayina ɗanyen toroso kada ya sauka inda dawaki suke kiwo a lokacin, domin ƙwan tsutsar ciki yana cikinshi, ka baza shi a makiyaya ka mayar musu da abinda ka basu magani suka fitar kenan. Ko ka kai filin da ake hutar dashi, ko gonar da za'a nome, ko mafi kyau ka tara shi ya ruɓe tukuna kana juyawa kana ɗan yayyafa ruwa, idan cikin tsibin ya kai zafin digiri 55 a ma'aunin Celsius na wasu kwanaki yawancin ƙwan tsutsa da irin ciyawa sun mutu, bayan 'yan watanni zakaga ya koma baƙi yana ƙanshin ƙasa, kuma irin wannan shi injin yafi watsawa da kyau. Idan shimfiɗar bargarka dusar katako ce to ruɓar dashi ya zama dole, ɗanyarta tana janye naitirojin, sinadarin da shuka take buƙata, daga ƙasa shuka tayi ɗorawa. Ka watsa siriri yadda kana iya hango ciyawa ta ƙarƙashi, rana ta busar dashi ƙuda bazai samu wajen ƙwai ba. Ka nisanci rijiya da rafi da aƙalla mita 30, kada kuma ka watsa ana shirin ruwan sama mai ƙarfi ko akan ƙasar da ta daskare.

Maganar kulawa, wallahi aiki baya kashe wannan injin kamar yadda barinshi da kaya a ciki yake kashe shi. Fitsarin doki yana cin ƙarfe, ka bar lodi ya kwana biyu uku zakaga sarƙa tayi ja da tsatsa, gaɓoɓinta sun ƙage. A nan lokacin hunturu abin yafi muni, jiƙaƙƙen taki yana daskarewa ya manne sarƙa da ƙasan akwati, ka tashi da safe ka ja sai kaji tas, ta tsinke. Saboda haka abinda ka loda yau ka sauke shi yau, ka kankare da shebur, in da hali ka bi da tiyo, ka jingine shi gaba sama kaɗan ruwan ya tsiyaye, ka ajiye a rumfa. In tamfol zaka rufa ka bari ya bushe tukuna kada ka kulle danshi a ciki.

Girisi kuma duk inda kaga ɗan bakin nan na zubawa, a boris ɗin farfela da na aksil da na sandar sarƙa, ka bashi akai akai, musamman bayan wanki domin sabon girisi yana turo ruwan waje. Sarƙa a shafa mata mai, ni man girki nake sakawa a ta ƙasan tunda ita take taɓa abinda zai shiga gona, baƙin mai bana sonshi a ƙasar da ake kiwo. Sarƙar tana saki da amfani, a gaban akwatin akwai noti biyu hagu da dama na ɗaure ta, ka juya su da sifana daidai wa daida, in ka ƙara wa ɗaya zagaye biyu ɗayan ma biyu, in ba haka ba sandunan zasu karkace su riƙa cin gefe har su sauka daga kan haƙori. Kada ka ɗaure ta tamau kamar tsirkiya, ka barta idan ka ɗaga tsakiya da hannu ta ɗan ɗagu. Ka ajiye gaɓoɓin sarƙa guda uku huɗu da fin na sifiya a cikin gwangwani kusa da inda kake ajiye shi, gaɓa ɗaya in ta karye da guduma da filaya minti goma ka mayar, in babu kuma sai lodi ya kwana yana jiran saƙo.