Darasi na Tara: Uba da Jinyar Yaro Mai Gudawa

A da, yaro na kwantawa sai a ce a kira uwarsa. Uba nasa cefane ne da kuɗin magani. Tun ɓarkewar yaƙi a Sudan a watan Afrilun 2023 zama ya sauya. Gidaje da yawa sun taso daga Khartum da Wad Madani zuwa Gadarif da Kasala, babu kaka, babu gwaggo a kusa. Uwargida kan fita da asuba sayar da shayi ko kisira (gurasar dawa), maigida kuwa, in mai agashe ne, sai la'asar yake hura wuta. Idan cikin yaro ya ɓaci da hantsi, shi ne a gida. Wanda ke ganin wanke wa yaro kashi ya fi ƙarfin namiji ya tuna Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Aikin uba ya mayar da ruwan nan tun daga zawon farko.

Ka wanke hannu da sabulu. Ka tafasa ruwa, ya huce. Ruwan randa yana da sanyi, amma sanyi ba tsabta ba ne. Ka auna lita 1, wato gorar ruwa ta rabin lita sau biyu. In akwai ƙunshin gishirin asibiti, ka duba yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, ka juye shi duka. In babu, ka zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, ka dama.

A nan ake yawan kuskure. Cokalin shayi ake nufi, ba na cin abinci ba, kuma shafaffe, ba mai tozo ba. Ka share samansa da bayan wuƙa. Sukari in ya yi yawa yakan jawo ruwa zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Gishiri in ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga. Ka ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, mililita 50 zuwa 100, cokali-cokali. Mai shekara 2 zuwa 10 ya sha ninkin haka. In ya yi amai, ka jira minti 10, ka ci gaba a hankali. Kada ka ɗura masa yana kwance.

In yana shan nono, ka aika a kira uwarsa, ko ka kai mata shi wurin sana'arta, don ba a tsayar da nono. Kunu, ayaba da asida (tuwo) mai laushi duk ya ci. Ban da lemon kwalba, ban da kafso na kanti. A cibiyar lafiya ka nemi ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Kwalara ta yi ɓarna a Kasala da Gadarif a 2024. Zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko jini a kashi, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko ka ja fatar cikinsa ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba: kada ka jira uwarsa ta dawo. Ka tare raksha (keke mai ƙafa uku) zuwa asibiti, gorar ruwan a hannunka, kana ba shi a hanya. Kuɗin rakshar ya zama a ajiye daban.

Aikin aji: kowa ya zo da gora da cokalin shayi, a auna a gaban malam. Sannan a ja layi biyu a takarda, a rubuta "zawo" a ɗaya, "sha" a ɗaya, ana sa alama duk lokacin da aka yi. Takardar nan za ka miƙa wa uwargida in ta dawo, takardar ce kuma za a nuna wa likita.